Gwauron Waƙafi

Assalamu alaikum mutanena, masu bina a wannan shafi, da ku masu leƙowa ta taga ba sallama, duk na gan ku. Ku gyara zama. Yau labarin soyayya na ɗauko muku daga Zuru, kuma na yi alkawari babu boka a ciki, babu wanda ya faɗi sumamme. Abin da ya kusa raba masoyan nan bai kai ƙwayar gero girma ba. Ku dai biyo ni.

Shekarar dubu biyu da bakwai ce, zamanin da in ka iya kunna kwamfuta ka kashe ta ba ka zare waya ba, to unguwa ta naɗa ka injiniya. A unguwar Rikoto akwai wani shago mai kwamfuta takwas, biyar ke aiki. Mai shagon, Abdulrashid, ya dawo daga Kaduna da difloma da takalmi mai tsini, ya buɗe ajin koyon rubuta furogiram. Mutum shida suka shiga, mace ɗaya ce a cikinsu: Farida, 'yar Saje Ladan, tsohon soja.

Ranar da ta fara magana da Yazid, kwamfutarta ce ta haukace. An ce kowa ya rubuta abin da zai buga sunansa sau goma ya tsaya. Nata ya buga goma, ya buga ɗari, ya ƙi tsayawa. Farida, Farida, Farida, sikirin ya cika yana gangarowa kamar ruwan Agusta a kan dutse.

Wani dogon saurayi da ke kujerar gefe, da baƙin mai a farcensa, ya miƙo wuya.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ba ni kaɗai ba ne."

"Ba kai kaɗai ba me?"

"Mai kiran sunan nan ba tsayawa. Ni tun Litinin nake yi, a zuci dai."

Farida ta watsa masa harara. "Malam, in ka iya gyara, gyara. In ba ka iya ba, mayar da wuyanka inda ka ɗauko shi."

"Ba zan gyara ba, ke za ki gyara. Kin ce mata ta tsaya in lissafi ya kai goma. A wane layi kika ce ta riƙa ƙara ɗaya?"

Ta duba. Babu. Lambar tana nan a ɗaya tun farko, tana jiran goman da ba zai zo ba. Ta ƙara layin, ta danna, sunan ya fito sau goma ya tsaya cak.

"Kwamfuta ba ta da wayo, biyayya gare ta," in ji shi. "Kamar kurtu. Ke 'yar soja ai kin fi ni sani."

"Wa ya ce maka ni 'yar soja ce?"

"Hararar."

Ta so ta ɗaure fuska, kumatu suka ƙi ba ta haɗin kai.

Saurayin nan shi ne Yazid, ɗan mai gyaran janareta a bakin tasha. Da safe yana wajen babansa cikin mai da hayaƙi, da yamma yana aji. Abin da ya koya a wajen janareta shi ya kawo wa kwamfuta: ka saurari ƙarar da take yi tukuna, kuma kada ka kwance abu biyu a lokaci ɗaya. In akwatin kuskure ya fito, kowa a ajin rufe shi yake da sauri kamar ya ga kunama. Yazid kuwa sai ya ce, "Tsaya, magana take yi. Karanta."

Shi kuma Malam Abdulrashid magani ɗaya gare shi, kamar mai tallan sassaƙe a motar haya. Furogiram ya ƙi tashi, fomat, wato a goge komai a sake zubawa. Ka manta rufe baka a ƙarshen layi, fomat. Na rantse da za ka ce masa kanka na ciwo, sai ya ɗauko faifai.

Wata biyu ba a yi ba, wayar Farida ta fara haske a ƙarƙashin mayafi.

"Injiniyata, na duba zuciyata layi bayan layi, kuskure ɗaya na gani: ba kya ciki tun da wuri. Kin ci abinci?"

Ita kuma ta mayar:

"Sarkin surutu, katinka ne ke ƙonewa. Na ci. Gobe ka zo min da littafina, kuma ka wanke farce."

To amma ba Yazid kaɗai ke da ido ba. Abdulrashid ma ya gani, shi kuwa ta sama ya biyo. Duk Juma'a yana gidan Saje Ladan, riga a cikin wando, gaisuwa har ƙasa. Saje mutum ne mai son tsari, ko takalman ƙofar ɗakinsa a jere suke kamar fareti, sai yaron ya kwanta masa. Yazid ya zo zance sau biyu, sau biyun Saje ya tarar da shi yana dariya.

"Yaron nan haƙoransa ba sa shiga bariki ne?" ya tambayi matarsa, Inna Larai. "Kullum suna waje."

Bai hana shi zuwa ba, bai kuma ce masa sannu ba.

Saje shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yankin. Sunayen mambobi suna cikin wani littafi da gara ta ci rabinsa, in an yi rasuwa ko biki sai a rasa wa za a aika wa, a wane ƙauye. Ɗan wani mamba ya ba ƙungiya tsohuwar kwamfuta, aka ajiye ta a falon Saje aka lulluɓe da zani. Farida ta ce ita za ta rubuta musu rajista, ya zama aikinta na gama aji. Gurbi huɗu: suna, lambar soja, gari, yare. Sati uku tana fama. Ta gwada da Musa, ta gwada da Audu, ta gwada da "aaa", duk ya karɓa. Da yake ba ta da falash, Yazid ne ya kwafo aikin a nasa daga shago zuwa gida.

Ranar Asabar aka fito da kwamfuta rumfar ƙofar gida, aka ja waya ta taga. Tsofaffin sojoji kusan ashirin suka zauna a benci, wasu da sanda, wasu da lambar yabo a aljihun riga. Saje ya ce shi zai fara, da hannunsa. Ya zauna, faɗin bayansa ya rufe sikirin ruf, ya dinga neman haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Ya gama, ya danna inda aka rubuta a adana.

Kwamfuta ta yi ƙara, wani akwati ya faɗo tsakiyar sikirin. Kafin Farida ta zagayo, Abdulrashid ya miƙa hannu ya rufe shi. Komai ya ɓace, har abin da Saje ya rubuta.

"Saje," in ji Kofur Ezekiel, abokinsa tun suna kurata, "injin ya ƙi ka. Ko bai ji labarin ka ci jarrabawar saje ba?"

Benci ya ɗauki dariya. Kunnuwan Saje suka motsa.

"Bairos ne, Baba, cutar kwamfuta," Abdulrashid ya ce cikin natsuwa. "Falash ɗin wa aka sa mata?"

"Nawa," in ji Yazid.

"To ka ji. Falash ɗin da ke yawo shago-shago yana kwasar waƙoƙi."

"Baba, da an bari mun karanta abin da akwatin ya ce..."

Saje ya miƙe. Ya ɗauki sandar Ezekiel, ya taka har bakin kwatar da ta raba ƙofar gidansa da titi, ya ja layi a ƙasa.

"Ka ga nan? Daga yau iyakarka. Ka zo ka mayar da ni abin dariya a gaban mutanen da na yi wa kwamanda. Wuce."

Yazid ya kalli Farida sau ɗaya, ya tsallaka kwata, ya tura babur ɗinsa bai ko tayar ba.

Da mutane suka watse, Abdulrashid ya naɗe hannun riga zai ɗauki kwamfutar, wai ya kai shago ya yi mata fomat. Farida ta riga shi. Ta zare wayar wuta ta naɗe a hannu, ta durƙusa a gaban ubanta.

"Ba wanda zai yi mata fomat."

"Da wa kike magana?" in ji Saje.

"Da kai nake, Baba, kuma a durƙushe nake. In aka goge ta, an goge shaida. A soja ma ai ba a hukunta mutum sai an zauna shari'a. Ba ni kwana bakwai. In na kasa nuna maka abin da ya kashe ta a gaban mutanen nan, zan bar ajin, in bar maganar Yazid, da bakina, ba sai ka ce ba."

"In kuma kin nuna?"

"Ka goge layinka."

Inna Larai tana daga bakin ƙofa tana mata alama da ido, Farida ta yi kamar ba ta gani ba. Saje ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ni dai ina zargin kansa ya gani a madubi.

"Asabar, ƙarfe goma," ya ce. "Ba na ƙara minti."

To jama'a, cika baki daban, cika aiki daban. Lahadi da aka kawo wuta Farida ta zauna. Dokar farko a neman kuskure ita ce ka sa abin ya sake mutuwa a gabanka. Ta rubuta bayanan Baba: suna, lamba, gari, yare. Ta danna. Ya karɓa lafiya lau. Ta sake, ya karɓa. Sau ashirin tana yi, kwamfuta ko tari ba ta yi ba.

Ta zargi lambar soja mai karan tsaye a tsakiya, ta gwada, ba ita ba ce. Ta zargi tsawon suna, ba shi ba ne. Ta bi sunayen gurabe harafi-harafi ko ta rubuta wani ba daidai ba, duk daidai suke. Ciwon da ke zuwa ya tafi da kansa, ai irin na bairos ne. Litinin da yamma ta ɗauki waya.

"Yazid, tsakaninka da Allah, ina da ina ka sa falash ɗin nan?"

Ku lura, Yazid ta ce, ba Sarkin surutu ba. Amsa ta zo nan take, kalma uku:

"Har da ke."

Daga nan waya ta yi shiru. Talata shiru. Farida tana tankaɗe tana duba waya, tana wanke-wanke tana duba waya, har Inna ta ce in ta jefa ta a ruwan kwanuka ba mai saya mata wata. Abdulrashid kuwa ya zo gaida Baba ranar da ba Juma'a ba, ya tsaya a ƙofar falo yana murmushi.

"Farida, kada ki wahalar da kanki. Abin nan sai wanda ya karanta. Faifaina na nan a shirye."

"Allah ya ƙara masa lafiya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Laraba ta gaji. Da wata ce, da sai ta rubuta kalaman ban haƙuri masu zuma. 'Yar Saje ga abin da ta tura:

"Ba haƙuri zan ba ka ba, don tambaya ba laifi ba ce, kai ka koya min a zargi kowane layi har wanda ake so. Na sa wuyana a gaban Baba saboda kai. In fushi za ka yi, ka ajiye shi sai bayan Asabar, zan taya ka. Yanzu kwamfutar ta ƙi mutuwa, na rubuta bayanan Baba sau ashirin tana karɓa. Yi magana."

Minti biyar, waya ta yi haske.

"Injiniyata, wannan lallashi naki ya fi mari zafi, amma na karɓa. Ban ci abincin kirki ba tun Litinin, ki rubuta wannan a rajista. In ta ƙi mutuwa, to ba abin da Baba ya rubuta kike rubutawa ba, abin da kike zaton ya rubuta ne. Nemo hannunsa."

Ta je ta sami Baba yana sauraren rediyo, ta roƙe shi ya zo ya sake bugawa.

"Na taɓa sau ɗaya an yi min dariya," ya ce. "Binciken naki ne. Ni alƙali ne, ba shaida ba."

Alhamis da la'asar, saura kwana biyu, tana zaune ta zuba wa sikirin ido, bayanan Baba a cike a gurabensu. Inna Larai ta shigo da faranti tana tsintar wake. Inna ta yi ajin yaƙi da jahilci a bariki, kuma duk rubutun da ta gani sai ta gwada ƙarfinta a kansa, ko na jikin buhu ne.

"Da... kar... ci," ta karanta. Hannunta ya tsaya a cikin wake. "Wa ya rubuta wannan a ƙarƙashin sunan ubanki?"

"Ni. Ai yarensa ne."

"Mu Hausawa muke cewa haka. Ni ma da aka kawo ni daga Bena haka na ce, sai da ya kwana uku bai ci tuwona ba. Shekara talatin muna tare ban taɓa ganin ya rubuta wannan da hannunsa ba. Jeki ɗauko katinsa na ƙungiya a aljihun kakin nan da ke rataye."

Farida ta ɗauko. A gurbin yare, da rubutun Baba mai tsayuwa kamar an sa masa sitati, an rubuta: C'lela.

Ta zauna a hankali. A bariki aka haife ta, da Hausa ta tashi, yaren ubanta daga gaisuwa sai "zo ka ci abinci" ta sani. Sau ashirin tana rubuta masa sunan da bai taɓa kiran kansa da shi ba, ko a jikinta. Kunya ta kama ta tun kafin kwamfuta ta ce komai.

Ta goge Dakarci, ta rubuta C, ta nemo ɗan waƙafin nan na sama, ta rubuta lela. Ta danna.

Ƙara. Akwati ya faɗo.

Ban taɓa jin wanda ya yi murnar mutuwar abu kamar Farida a ranar ba. Wannan karon ba ta rufe ba, ta karanta har ƙarshe. Akwatin ya ce an sami kuskuren tsari, ya kuma nuna mata daidai inda ya sarƙe: a kan waƙafin.

Bari in fassara muku, ku 'yan bayan aji. A yaren da rajistar ke magana da ma'ajiyarta, wato inda take adana sunayen, waƙafin sama ƙofa ne. Ɗaya ya buɗe magana, ɗaya ya rufe. Furogiram ɗin Farida yana sa wa kowace kalma nasa biyun, gaba da baya. Da ya zo kan C'lela, ya buɗe ƙofa, ya ga C, ya ga waƙafi, ya ce an rufe. Sai ga "lela" a tsaye a waje ba gida ba dangi. Kurtu ya rikice, ya faɗi.

Ta rubuta Mu'azu a gurbin suna, ta mutu. Sa'idu, ta mutu. Musa, lafiya lau. Nan take ta ɗauki waya.

"Sarkin surutu, na kama ɓarawon. Ba bairos ba ne, waƙafin sama ne, irin na Mu'azu. Baba C'lela ya rubuta. Kuskuren nawa ne, ba naka ba, ba na Baba ba. Falash ɗinka ya fita da gaskiyarsa."

"Farin cikina, ashe abin a gidanku yake kwana. Duba babin rubutu a littafinki: in waƙafi ɗaya ya faɗo tsakiya, a sa masa na biyu a gefensa, sai ta gane ba ƙofa ba ne. Kin gani? Gwauro ne, shi ya sa yake ta da fitina. A yi masa aure kowa ya huta. Ki isar wa Baba da wannan darasi."

"Mara kunya. Na riga ka gani a littafin. Je ka ci abinci."

Layi ɗaya ta ƙara: duk inda aka ga waƙafi ɗaya, a mayar da shi biyu kafin a aika ma'ajiya. Amma ba ta taɓa tsohon furogiram ɗin ba, ta ajiye shi gefe da ciwonsa. Sabon ta ba shi wani suna.

Asabar, goma saura kwata, benci ya cika fiye da na wancan satin, don labari ya zaga cewa 'yar Saje ta ƙalubalanci Saje. Abdulrashid ya zo da faifansa a aljihun gaba. Can tsallaken kwata kuwa, ga Yazid a kan babur, babban yatsan ƙafarsa daidai bakin iyaka, ko taƙi bai ƙetare ba.

Farida ta gaishe da iyaye, ta buɗe tsohon furogiram.

"Iyayena, an ce bairos ne. Bairos ba ya jin umarni. Ni kuwa zan gaya muku lokacin da za ta mutu kafin ta mutu. Baba Ezekiel, kawo bayananka. Yare kuma mu sa Hausa tukuna. Wannan za ta karɓa."

Ta karɓa.

"Akwai mai suna Mu'azu a nan?"

Wani tsoho mai ido ɗaya ya ɗaga sanda.

"Baba, ka yi haƙuri, kai za ta ƙi ka."

Ƙara, akwati. Benci ya yi guna-guni.

"Ni me na yi mata?" in ji tsohon.

"Ba ka yi komai ba. Baba Talle, kai za ta karɓa." Ta karɓa. "Baba Isma'ila, kai za ta ƙi." Ta ƙi. Sau shida tana faɗa, sau shida yana faruwa. Sannan ta juya wajen malaminta. "Malam, wane irin bairos ne ya san Mu'azu bai san Ezekiel ba?"

Ta nuna musu waƙafin da yatsa, ta yi bayanin ƙofa da "lela" da aka bari a waje. Ta ce, "Ni na rubuta shi da wannan rami. In akwai wanda ya sa aka yi wa Baba dariya, ga ta a gabanku."

Abdulrashid ya gyara tsayuwa, ya yi 'yar dariya.

"To ai abin mai sauƙi ne, Baba. Tunda waƙafin ne matsala, a daina sa shi. Mu'azu a rubuta Muazu. Yare kuma a sa Dakarci kawai, kowa ya san shi da haka. Mene ne a ciki?"

Fiye da rabin mutanen bencin nan Lelna ne, masu yaren C'lela, Musulminsu da Kiristansu. Kofur Ezekiel ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce a hankali, "Yaro, da ka tsaya a fomat."

Saje bai ɗaga murya ba.

"Shekara ashirin da shida ina cikin kaki," ya ce. "Akawu ya rubuta yarena yadda bakinsa ya iya, na ƙame na sara masa, don doka ce. Yanzu na cire kaki. Injin nan a falona yake kwana, wutata yake sha. Shi zai koyi sunana, ba ni zan yanke sunana don ya ji daɗi ba." Ya juya. "Farida, yana koyo ko ba ya koyo?"

"Ya riga ya koya, Baba. Zauna."

Ta buɗe sabon. Saje ya zauna, yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Da ya zo kan waƙafin ya danna shi da ƙarfi har tebur ya girgiza. Ya adana. Ba ƙara, ba akwati. Sunansa ya fito a jeri, C'lela a gefensa, waƙafinsa a sama yana tsaye. Tsoho Mu'azu ya ce shi ma sai an sa shi yanzu-yanzu, yana kallo.

Saje ya miƙe ya taka zuwa bakin kwata.

"Kai. Zo nan."

"Ranka ya daɗe, akwai layi."

"Na goge."

"Da baki, ko za a ba ni a rubuce?"

Farida ta dafe kai. Benci ya fashe da dariya, gashin bakin Saje ya yi rawa, ya yi ta maza ya danne.

"An yi maka hukunci ba shari'a," ya ce. "An janye. Shigo, kafin in sake tunani."

Yazid ya tsallako, ya durƙusa a gaban Saje.

"Saje, haka nan kyauta?" in ji Kofur Ezekiel. "Mu a zamaninmu golmo muka yi. Shekara bakwai kana noma gonar uban yarinya kafin a ce maka ga ta. Ni har yau bayana bai miƙe ba, ka tambayi matata Monica."

"Gonata ba ta kai ta shekara bakwai ba," in ji Saje. "Amma ina da mambobi ɗari huɗu da goma sha biyu, rabinsu gara ta cinye. Ya bi su ƙauye-ƙauye ya kawo min su cikin injin nan, kowa da sunansa yadda uwarsa ta raɗa masa. Ranar da ya cika, ya turo manyansa."

Wata huɗu Yazid yana kan babur. Danko, Bena, Dirin Daji, har ƙauyukan kan dutse inda sai ka jingine babur ka hau da ƙafa. Ya dawo da takardu, Farida ta shigar. Rajistar ma ba ta bar su sun huta ba: akwai mutum uku masu suna ɗaya a gari ɗaya, akwai wanda ya manta lambarsa amma yana tuna ta bindigarsa. Kowane rami suka faɗa, su karanta, su canza abu ɗaya, su sake gwadawa. Daga Dirin Daji ya turo mata:

"Amaryar golmo, saura sha tara. Kare ya bi ni, tsoho ya ba ni kaza, na faɗi a rafi sau ɗaya. Da noman ne da ya fi sauƙi. Ina sonki har yanzu, abin mamaki."

"Angon rajista, ka kula min da kanka. Kazar kuma tawa ce."

Shi kuwa Abdulrashid, ba mugu ba ne, saurin hannu ne ya yi masa yawa. Bayan sati biyu ya aiko a ba shi layin gyaran waƙafin nan guda, har yanzu ina jin yana koyar da shi a ajinsa, yana cewa a Kaduna ya koyo.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Saje. Gayyata kuwa daga rajista aka ciro ta, shi ya sa ba a taɓa ganin taron tsofaffin sojoji irin wannan a unguwar ba. Masu zuwa masallaci suka shiga sahun ɗaurin aure, masu zuwa coci suka jira a rumfa suna gadin shinkafa. Da ango ya fito suka jeru layi biyu, sanduna a sama, Kofur Ezekiel na ba da umarni da muryar da ta rage masa.

Da za a tafi da amarya, Saje ya sa aka kira su biyun falo. Ya yi musu addu'a da Hausa, ya sake yi da C'lela, a hankali, yana tsayawa don Farida ta maimaita. Ta maimaita tana kuka, tana karya kalmomin, yana gyara mata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka," ya ce a ƙarshe. "Kai kuma, na ba ka ita da taurin kanta. Ba a dawo min da kaya."

"Na gani tun kafin in saya, ranka ya daɗe," in ji Yazid.

Amarya ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin mayafi. Allah ya bar su tare, ya sa albarka, mu ma gwagware ya dube mu da idon rahama.

To mutanena, ga tambaya, kuma ban son amsar malamai. 'Yan mata, ranar da uba tsohon soja ya ja layi, mai faifai ya naɗe hannun riga, ke za ki zare wayar nan ki durƙusa ki ce a ba ki kwana bakwai, ko ɗaki za ki shige ki rungumi matashi? Ku kuma samari, in wadda kake so ta turo maka "ina da ina ka sa falash ɗin nan", kwana nawa fushinka zai yi? Ni na san nawa, amma ku fara faɗa.